ƘWALLO 79 A RAGA ƊAYA: WA ZAI KAMA MAI COGE A GASANNINMU?

Yau ta filin wasa za mu bi kafin mu iso teburin rubutu, don haka wanda ƙwallo ba ta dame shi ba ya daure ya biyo mu, hanyar a ƙofar gidansa za ta ɓulle.

A watan Yulin 2013 aka buga wasu wasanni biyu a Bauchi, a lokaci guda, cikin gasar neman hawa rukunin Nationwide. Ƙungiyoyi biyu ne ke neman gurbi ɗaya, Plateau United Feeders da Police Machine ta Yola. Makinsu ya zo daidai, saboda haka yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Feeders tana karawa da Akurba, ita kuwa Police Machine tana karawa da Bubayaro ta Gombe. An tafi hutun rabin lokaci Feeders na da ci 7, Police Machine na da 6. Da aka dawo sai kowane ɓangare ya kasa kunne yana jin abin da ke faruwa a ɗaya filin. Aka tashi Feeders ta ci 79 da nema, Police Machine ta ci 67 da nema.

Mu ɗan yi lissafi. Ƙwallo 72 cikin minti 45 na nufin kusan ƙwallo ɗaya a duk daƙiƙa 37. A cikin wannan ɗan lokacin za a ciro ƙwallo daga raga, a kai ta tsakiyar fili, alƙalin wasa ya busa usur, waɗanda aka ci su take, a ƙwace, a ruga, a sake zurawa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da ke da hannu shiga harkar har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma.

Abin lura a nan shi ne ba wani ɗan leƙen asiri ne ya tona su ba, agogo ne. Saurin cin ya wuce abin da ƙafar ɗan Adam za ta iya, sai lissafi ya ba da shaida. Da sun yi wayo sun tsaya a 9 ko 10, da yau babu mai tuna zancen. To, wasa nawa aka sayar a kan 9 da nema aka wuce lafiya? Ra'ayinmu a wannan mako shi ne duk dokar gasar da ba ta da abin awo, mai gaskiya kaɗai take ɗaurewa. Kuma yawancin dokokin gasanninmu, na fili da na alƙalami, irin waɗannan ne.

Akwai wani wasa da ya sha fama da wannan matsala fiye da kowane, wasan harbin fenti, wanda Turawa ke kira paintball. Mun sani a yankinmu na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara maganar bindiga ba abin raha ba ce, kuma ba tallan wasan muka zo yi ba. Darasin alƙalancinsa muke so. An fara buga shi a jihar New Hampshire ta Amurka a 1981, da irin bindigogin da ake sa wa itatuwa da shanu alama. Harsashinsa ɗan ƙwallo ne mai laushi cike da fenti. Wanda ya fashe a jikinsa ya fita daga wasa, ƙungiyar da ta kawar da abokan karawarta ta kai ga tuta ko ƙararrawa ita ta ci.

Doka ta farko mai sauƙi ce: kada gudun harsashi ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa, don kada a ji wa mutum rauni. Akwai na'urar da ke auna wannan, an harba an gani, magana ta ƙare. Rikicin ya taso ne a shekarun 1990 da bindigogi masu batir da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki suka shigo. Dokar wancan lokaci ta ce jan kunama ɗaya, harsashi ɗaya. A takarda ta yi kyau. Amma wa zai ƙirga motsin yatsan mutumin da ke gudu yana harbi fiye da sau goma a daƙiƙa? Sai masu wayo suka riƙa sa wa bindiga ɓoyayyen tsari. Idan alƙali ya karɓa ya gwada, sai ta yi ladab, ja ɗaya harsashi ɗaya. Da an shiga fili, mai ita ya latsa ta yadda shi kaɗai ya sani, sai ta riƙa ƙara masa harsasan da yatsansa bai nema ba. Har mutum-mutumin yatsa aka ƙera don gwada kunama, duk da haka ɓarawo na gaban mai gadi.

Daga ƙarshe wata babbar gasa ta Amurka, PSP, ta canja tunani a tsakiyar shekarun 2000. Ta bar bin yatsa ta koma bin harsashi. Ta yarda bindiga ta taimaka wa kowa daidai wa daida, amma ta kafa iyaka, kimanin harsashi 15 a daƙiƙa, daga baya aka yi ta rage shi. Gasar NXL da ta gaje ta a 2015 ta tsayar da iyakar a 10.5. Alƙali na riƙe da na'urar da ke sauraron ƙarar harbi tana auna tazarar da ke tsakanin harsashi da harsashi, kuma yana iya matsowa kusa da ɗan wasa ana tsakiyar fafatawa ya auna. Ana kuma kulle saitin bindigar ta ciki yadda ba za a taɓa shi a fili ba sai an kwance ta. Shi kuwa wanda fenti ya same shi ya goge a ɓoye ya ci gaba da wasa, idan aka kama shi ba shi kaɗai ake fitarwa ba, har da wasu abokan wasansa da ba su ji ba su gani ba.

Abu uku muka tsinta a nan. Sun sauya dokar da ba a iya aunawa da wadda ake iya aunawa. Sun kai awon cikin fili, tunda na bakin ƙofa kowa na iya shirya masa. Sannan sun sa hukuncin ya fi ribar cogen tsada, har abokan mutum ma su zama masu hana shi.

Ba sai mun je Amurka za mu fahimci wannan ba. Daudawa garin auduga ne tun zamanin Turawa, kuma duk wanda ya tashi a gidan manomi ya ji labarin masu yayyafa wa auduga ruwa ko cusa yashi a tsakiyar ƙunshi don ta yi nauyi a sikeli. Mai saye da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan farar da aka shimfiɗa a sama, hannu yake zurawa har ciki. Haka mai sayen masara a kasuwar Sheme, ba bakin buhu yake dubawa ba, ƙarfe yake sokawa a gindi ya ga abin da zai zubo. Kakanninmu sun san awon cikin fili tun kafin a ƙera batir.

A dambe ma haka ne. Ana ba da labarin lokacin da wasu ke shafa wa naɗin hannu ƙaro da garin kwalba, wasu kuma su ɗaura akayau a ƙafa. An hana waɗannan, amma hani ba ya aiki sai an taɓa hannun kafin a shiga turmi. Kuma wa ya fi cancanta ya taɓa? Mutumin ɓangaren da za a naushi ɗansu. Idan ɗan Kudu zai kara da ɗan Arewa, babu wanda zai duba naɗin nan tsakani da Allah kamar wanda haƙoran yaronsa ke cikin haɗari. A damben zamani haka aka kama Antonio Margarito a Janairun 2009 a birnin Los Angeles, gab da karawarsa da Shane Mosley. Mai horar da Mosley ne ya tsaya a kan ana naɗa hannun, ya ga wani abu mai tauri kamar filasta a ciki, ya ce sai an kwance. Aka kwance, aka sake naɗi, Margarito ya sha kashi a daren, daga baya aka ƙwace lasisinsa.

Yanzu mu dawo filayenmu. Da an kawar da amfanin gona, daga Daudawa zuwa Yankara da Mairuwa, har Sabuwa da Ƙanƙara, za ka ji an sa kofi. A yankin da tashin hankali ya raba mutane da gonaki da kasuwanni, filin ƙwallo na cikin 'yan wuraren da suka rage da matasan garuruwa daban-daban ke haɗuwa ba don jana'iza ba. Shi ya sa cogen da ake yi a cikinsa ya fi ƙarfin a ce wasa ne kawai. Dokokin da ake karantawa ranar buɗe gasa kusan iri ɗaya ne: ban da ɗan haya, ban da wanda ya wuce shekara kaza. Sai a kai wasan kusa da na ƙarshe, a ga baƙuwar fuska da ba a taɓa gani a garin ba, an ɗauko shi daga birni a kan babur da safe, a ce ai ɗan 'yar uwar mai unguwa ne. Ko a gasar 'yan ƙasa da sha biyar a ga mai tsaron baya da ya aske gemu jiya. Ɗaya ɓangaren su yi ƙorafi, a ce ina hujja? Babu. Daga nan sai jifa, sai gaba tsakanin garuruwan da ke auratayya. Yaron da ya yi wata uku yana atisaye ba takalmi kuwa, ya koma benci yana kallon wanda ya girme shi da shekara bakwai ya ci gurbinsa. Abin da ya koya ranar nan ya fi abin da malamin makaranta zai koya masa a zango guda: gaskiya ba ta ci.

Wannan ciwo har sama ya kai. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na matasa sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma zargin cogen shekaru bai taɓa barin ta ba. A 1989 FIFA ta dakatar da ƙasar na shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mata baƙuncin gasar 1991. Matsalar irin ta harbin fenti ce: doka ta dogara da takardar haihuwa, takardar kuwa kowa na iya samo wadda yake so. Sai a 2009, shekarar da aka buga gasar 'yan ƙasa da sha bakwai a nan gida, har da filayen Kano da Kaduna da Bauchi, FIFA ta shigo da hoton MRI na wuyan hannu. Yaro mai girma yana da 'yar tazara ta guringuntsi a ƙarshen ƙashin hannunsa, idan ta haɗe gaba ɗaya to kusan tabbas ya haura sha bakwai. Kafin a fara gasar Najeriya ta sallami 'yan wasa 15. A 2016 wasu 26 suka faɗi gwajin gab da wasa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mai riƙe da kofin duniya tun a wasan share fage. A ƙarshen 2022 Kamaru, ƙarƙashin Samuel Eto'o, ta gwada yara 30, 21 suka faɗi. Takarda ta yi shekaru tana rantsuwa, ƙashi ya ƙaryata ta cikin minti kaɗan.

Wani zai ce, to mu da ko ruwan sha na 'yan wasa sai an yi karo-karo, ina mu ina MRI? Gaskiya ne. Wani kuma zai ce na'urar ma tana kuskure, akwai yaron da ƙashinsa ke haɗewa da wuri, a kore shi alhali bai yi ƙarya ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba ƙaramin zalunci ba ne. Amsarmu ita ce darasin bai ce a sayo na'ura ba, cewa ya yi a rubuta dokar da muke da ƙarfin aunawa. Ba za mu iya auna shekaru ba, amma za mu iya auna rajista. Kowace ƙungiya ta kawo sunaye da hotuna kafin wasan farko, a kafe a inda kowa zai gani, a ba da mako guda na ƙorafi, bayan nan ba ƙari ba ragi. Kafin kowane wasa kyaftin ɗin abokan karawa ya bi layi da hotunan a hannunsa, kamar yadda mutumin Mosley ya tsaya a kan naɗi. Gasar yara a ɗaura ta a kan aji da rajistar makaranta. Alƙalin wasa ya fito daga gari na uku, a biya shi daga asusun gasa kafin ya busa usur, kada ya tsaya jiran alherin wanda ya sa kofi. Idan an kama ɗan haya, a cire wa ƙungiyar maki, a dakatar da mai horarwa, domin yaro ba ya hayar kansa. Game da kuskure kuwa, maganinsa a bar ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe. Ba a fasa awo don mudu ya taɓa yin gardama.

To 'yan uwa, ga mu mun iso ƙofar gida. Adabinmu na zamani ɗan gasa ne. Gasar 1933 da Rupert East ya shirya ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, kuma Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta nasa. Tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa ta fito da mata marubuta da dama da ba a san su ba. Ban da waɗannan, kusan kowace ƙungiya da kowane zaure na Facebook da WhatsApp na sa tasa gasar, wata ta katin waya, wata ta dubban nairori. Mu ɗauko dokokinsu mu ɗora a sikelin da muka gina.

"Kada labari ya wuce kalma kaza." Wannan doka ce mai ma'auni, kwamfuta na ƙirgawa cikin ƙiftawar ido. Matsalarta ɗaya, a aiwatar da ita a kan kowa. Ranar da aka kori baƙo don ya haura da kalma hamsin aka ƙyale sananne da ya haura da ɗari uku, ranar dokar ta mutu.

"Labari ya zama ƙirƙirarre, naka na kanka." Wannan ita ce tamu dokar ja ɗaya harsashi ɗaya. Tana da daɗin ji, ba ta da abin awo. Ina iyakar aro, ina mafarin sata? Masana sun daɗe da nuna cewa Imam ya ɗebo labarai daga littattafan Larabawa da na Turawa a Magana Jari Ce, ya rina su da Hausa har suka zama namu. Wannan baddalawa ce, gwaninta ce. Ta bambanta da wanda ya kwafo labarin wata baiwar Allah daga wani zaure, ya canja Zainab ta koma Hafsat, ya turo da sunansa. Dole gasa ta faɗa ɓaro-ɓaro ko ta yarda da fassara da baddalawa, in ta yarda a bayyana tushe. Ga kuma sabon baƙo, ƙirƙirarriyar basira, wadda za ta zubo maka labari kafin shayinka ya huce. Ita ce ɓoyayyen tsarin bindigar zamaninmu, tana ƙara wa mutum harsasan da yatsansa bai ja ba. Kada kuma mu ruɗu da manhajojin da ke da'awar gano rubutun na'ura. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta, a Turanci ke nan, balle Hausa. Wanda ya kori marubuci da hujjar irin wannan manhaja kaɗai ya yi hukunci da zato.

Awon cikin fili shi ne mafita a nan ma. Duk wanda ya kai zagayen ƙarshe a zauna da shi, ido da ido ko ta kiran bidiyo. A tambaye shi me ya sa tauraruwarsa ta yi shiru a wuri kaza, wane ƙarshe ya fara tunani kafin ya zaɓi wannan, me kalmar nan ta shafi na biyu take nufi a garinsu. A ba shi minti talatin ya rubuta shafi ɗaya a kan abin da aka zaɓa nan take. Uwa ba ta ɓata sunan ɗanta, wanda ya haifi labari zai amsa ko daga barci aka tashe shi. Wannan gwaji ɗaya zai kama mai kwafe, da mai na'ura, da wanda aka rubuta wa, da namijin da ya fake da sunan ƙanwarsa a gasar mata. A sanar da shi tun ranar buɗe gasa, domin amfaninsa na farko shi ne mai niyyar coge ya fasa tun daga gida.

Sauran gyaran ba su da tsada. A cire sunaye a sa lambobi kafin labari ya isa hannun alƙalai. Alƙali ya janye idan ya gane rubutun ɗalibinsa ko ɗan ƙungiyarsu. A wallafa labaran zagayen ƙarshe na mako guda kafin a raba kyauta, domin idon masu karatu dubu ya fi na alƙalai uku, kuma wadda aka sace wa labari ita ce za ta fara ganewa. Gasar da ake ci da yawan danna alamar so kuwa, a kira ta da sunanta, gasar yawan jama'a, tunda mai dangi da kuɗin data shi ke lashewa. Hukunci kuma a rubuta shi tun farko: ƙwace kyauta, sanarwa a fili, dakatarwa na lokaci sananne, tare da ba wanda ake zargi damar kare kansa kafin a ambaci sunansa. Tozarta mutum a kan zato shi ma coge ne, na alƙalai.

Ku kuma masu tasowa, ga abin da ke hannunku tun yau. Ku riƙa ajiye zubin farko na duk abin da kuka rubuta, da gogensa da kurakuransa, a littafi ko a waya mai nuna kwanan wata. Ranar da aka zarge ku shi ne shaidarku, ranar da aka sace muku shi ne hujjarku. Kafin ku shiga gasa ku tambayi masu ita: su wane ne alƙalai, yaya za a tantance, ina ake kai ƙorafi? Wanda ya fusata da waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ku amsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai mun ji daga gare ku, musamman shugabannin ƙungiyoyi da waɗanda suka taɓa yin alƙalanci: wace doka ce a gasarku kuke da abin auna ta, wacce ce kuma kuka bar wa tsoron Allah kaɗai? Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, ya kawo mana zaman lafiya a yankunanmu. Mu haɗu mako mai zuwa idan mai kowa mai komai ya kai mu.